Sammakon Yaya

A gidanmu, wanda ya zo a kan lokaci ya makara. Haka Babanmu ya rene mu. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma duk tsawon aikinsa bai taɓa yarda jirgi ya riga shi isa tasha ba. In za mu yi tafiyar hantsi, tun da duku-duku zai sa mu zauna a kan akwatunanmu a bakin ƙofa muna gyangyaɗi, shi kuwa yana zagaye yana duba tagogi. Duk cikinmu Yaya ce ta kwashe wannan hali kaf, ba ta rage wa kowa ba. Ni kuwa tela na zama, kun ga ke nan ba sai na yi dogon bayani a kan yadda muke da lokaci ba.

Yaya malamar makaranta ce. Takan gama darussan zango tun zangon bai yi nisa ba, ta rasa abin koyarwa, ta koma farko. In ta gayyace ka abincin rana, ka zo da shirin cin mai sanyi, don tun safe ta zuba. Mijinta ya laƙa mata suna Sammako, ita kuwa ko a jikinta, yabo ma ta ɗauke shi.

Abu ɗaya ne ya ƙi zo mata da wuri, shi ne haihuwa. Shekaru suka tura, aka sha magani har aka gaji, daga ƙarshe ita da mijinta suka yanke shawarar a yi dashen ciki. Wato a haɗa ƙwanta da irin mijinta a ɗakin gwaji, in sun zama ɗan tayi a daskarar da shi a ajiye, sannan a zaɓi rana a saka mata a mahaifa. Uku aka samu. Aka saka na farko, bai kama ba. Aka huta aka saka na biyu, shi ma shiru. Saura ɗaya ke nan a cikin tukunyar sanyin asibiti, kuma likita ta gaya musu ƙiri-ƙiri cewa a shekarun Yaya da wuya a sake samun wani ƙwan mai kyau. In wannan ya tafi, an rufe maganar.

Mijin Yaya aikin ja wa garuruwa wayar lantarki yake yi, rabin wata ba ya gida, saboda haka ni ce 'yar rakiya. Kuma ba zan ɓoye ba, ban da tausayin Yaya har da son ganin ƙwaƙwaf. Tun ina ƙarama ake kirana 'Yar Jarida. Ba na iya ganin abu a rufe in wuce.

Kullum mukan isa asibitin tun mai goge-goge ba ta gama da tsakar ɗakin jira ba, mu zauna a kujerun roba da aka haɗe da ƙarfe ɗaya, mu ɗaga ƙafafu ta goge ƙarƙashinmu. Akwai akwatin gilashi a lungu da kifi ɗaya tak a ciki, da talabijin da ba a taɓa buɗe wa murya ba. In nas ta iso tana ajiye jaka, za ta tambayi Yaya ko ta tsallake magani, ko ta makara da shi. Yaya takan dube ta sama da ƙasa ta ce ita ba ta san makara ba. Nas ta gyaɗa kai, a wuce wurin.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau a rataye da igiya, mai son zane amma ba ta iya ba. Ranar da muka koma bayan na biyun ya ƙi kamawa, ta jawo farar takarda ta zana wani abu mai kama da tulun da aka kife, ta ce mahaifa ke nan. Ta ce 'yan tayin Yaya masu kyau ne a ido, saboda haka kafin ta taɓa na ƙarshen tana so ta duba masaukin. Mahaifa, in ji ta, ba kullum take karɓar baƙo ba. A duk wata akwai 'yan kwanaki ƙalilan da shimfiɗar cikinta take yarda a manne mata. Kafin nan ƙofa a kulle take, bayan nan ma a kulle. Ɗan tayi in ya iso ya tarar da ita a rufe, ba ya da bakin sallama, sai dai ya wuce.

Yaya ta ƙura wa zanen ido. Ni kuwa bakina ya ƙi zama.

“To Likita, ta yaya kuke sanin a buɗe take? Ai ba ƙara take yi ba.”

Yaya ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Amma likitar sai ta yi murmushi irin na wadda aka sosa wa inda ke mata ƙaiƙayi, ta juyo mana da fuskar kwamfutarta. Ta nuna mana hoton shimfiɗar mahaifa da aka ƙara wa girma ninkin ba ninkin. Wallahi karammiski na gani, gashi-gashi a tsaye, irin wanda in ka yanka sai ya cika maka shago da ƙura. Ta danna ta kawo hoto na biyu. Gashin ya kwanta, wasu 'yan ƙulluttai masu santsi sun taso birjik kamar kumfar sabulu. Ta ce wannan na cikin alamun da ake gani a kwanakin karɓa. A na uku ƙulluttan sun yamushe, sun saki. Ta ce ban da abin da ido ke gani, akwai sinadarai masu danƙo da shimfiɗar ke fitarwa a wannan ɗan tsakanin, akwai kuma ɗaruruwan ƙwayoyin gado da wasunsu ke kunnuwa wasu ke mutuwa bi da bi. In aka ɗebi ɗan tsoka aka karanta waɗanda ke kunne, ana iya cewa ƙofar ba ta buɗe ba tukuna, ko tana buɗe, ko ta rufe.

Ta ƙara da cewa ba duk likitoci ne suka yarda gwajin na da amfani ba, ita kanta ba ta yi wa kowa. Amma tunda ɗaya ya rage, ta fi so ta leƙa kafin ta taka.

Na tambaye ta wa ke gaya wa mahaifar lokacin buɗewa. Ta ce a irin dashen da ake wa Yaya, magani ne. Na farko yana ƙara wa shimfiɗar kauri. Na biyun kuwa shi ke tayar da agogo: daga sa'ar da ya shiga jiki mahaifa ta fara lissafi, in kwanakin suka cika ta buɗe, ta ɗan jira, ta rufe. Na so in ƙara tambaya, amma ƙafata ba za ta iya ɗaukar wani takun ba.

Aka yi watan gwaji. Duk magungunan Yaya ta sha kamar da gaske, sai dai a ranar da ya kamata a yi dashe, maimakon a saka mata wani abu, sai aka zura siririn bututu aka ɗebo. Na roƙi nas ta nuna mini. Ɗan jan abu ne a ƙasan kwalba, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na daɗe ina kallonsa ina mamakin yadda za a ce wannan ɗan mitsitsin ya san abin da mu duka ba mu sani ba.

Sakamako ya dawo ranar da mijin Yaya yake gari, muka je mu uku. Likita ta ce a sa'ar da aka ɗebi tsokar, ƙofar ta riga ta rufe. Ta ce hakan na faruwa amma ga mata kaɗan, yawancin waɗanda ake samu da matsala jinkiri mahaifarsu ke yi, ba gaggawa ba. Mijin Yaya ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce ai shi bai yi mamaki ba, matar da ke gama girkin rana da safe mahaifarta ma dole ta yi sammako. Yaya ta harare shi, amma na ga yadda kafaɗunta suka sauka. Shekara nawa tana tambayar me ya sa, yau ga amsa, kuma amsar mai gyaruwa ce. Likita ta ce wannan karon za a matso da ranar dashen kusa, a iske ƙofar kafin ta rufe.

Ni dai abin ya tsaya mini a rai, ba don na zargi komai ba, sai don son sani. Ina zaune a kan keken ɗinki ina tunanin ko ana gadon sammako har a cikin hanji. Ko tawa mahaifar makararriya ce kamar ni? Har na taɓa ɗinke wa wata mata hannun riga a wuya saboda wannan tunani.

Watan gaskiya ya kama. Aka duba Yaya da na'ura, likita ta ce shimfiɗar ta yi kauri yadda ake so, ta ci gaba da magani na farko, na biyun kuma ta fara gata da safe. Muka karɓi kwalin a wurin mai ba da magani muka wuce gidanta, don akwai labulen falo da na yi mata alƙawari tun tarewarta gidan, sai ranar Allah ya nufa na gama.

Ina tsaye a kan kujera, bakina cike da allurai, ina gyara tsayin labule, sai na ji ƙarar ɓare takardar magani a bayana. Na waiwaya. Yaya ce a gaban tebur, ko mayafi ba ta cire ba, sabon kwalin a buɗe a gabanta. Na tofar da alluran a tafin hannu.

“Yaya, wannan ba shi ne na gata ba?”

“Shi ne.”

“To yau gata ce?”

“Ke dai kin cika tambaya. In an ba mutum rana, iyaka aka ba shi. Saboda irinku ake cewa gata, don an san sai citta za ku fara. Gara jiki ya soma sabawa.”

Na tambaye ta ko haka ta yi a watan gwaji. Ta ce ƙwarai, da ta dawo daga asibiti ta fara. Na ce dashen nan biyu na baya fa? Ta ce yaushe ta taɓa zama tana kallon magani a kan tebur har kwana uku. Da alfahari ta faɗa, irin yadda take faɗin cewa ajinta ya riga kowane aji gama littafi. Ita ma haka take yi wa ɗalibanta, in tana son aiki ranar Laraba sai ta ce musu Litinin. A ganinta duk mai ba da rana haka yake yi.

Ban san komai a likitanci ba, maganar agogon nan kawai ta dawo mini. Na sauko daga kujerar, na zare takardar maganin daga hannunta na jefa a aljihun rigar aikina. Tun da aka haife ni ban taɓa fizge wa Yaya abu ba. Ita ta goya ni, ita ta fara kai ni makaranta, har yau ba na zama in tana tsaye.

Ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Na ce sai mun kira likita. Fuskarta ta sauya, ta yi magana a hankali, wanda ya fi tsawa zafi.

“Ke da ba ki taɓa cika wa kowa alƙawari ba, ke ce yau za ki koya mini lokaci? Ɗana ne a can a cikin sanyi yana jirana. Ba labule ba ne.”

Ta same ni, don gaskiya ta faɗa. Na ji kunya, na ji tsoro kuma, don in ni ce ban fahimta ba, to na shiga tsakaninta da abin da ya fi komai a wurinta. Amma hannuna na kan aljihun na kira asibiti. Da aka haɗa ni da likita na yi mata bayani a birkice. Sai ta ce in ba Yaya wayar. Abin da na jiyo kawai shi ne tana tambaya ko maganin ya riga ya shiga jikinta. Yaya ta ce a'a. Likita ta ce mu taho yanzu, mu zo da kwalin.

Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabaran ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta sa Yaya ta faɗi yadda ta yi a kowane wata, tana ja mata layi biyu a takarda, ɗaya na ranar da aka ce, ɗaya na ranar da ta fara. Ta ce ta daɗe tana tambayar mata ko sun makara, bai taɓa zuwa mata a rai ta tambayi ko wata ta riga ba. Sai ta nuna mana da bakin biro: agogon ya tashi da wuri, mahaifa ta buɗe da wuri, ta jira, ta rufe, mu kuma muna lissafi da wata ranar dabam. Ta ce mai yiwuwa ne mahaifar Yaya ba ta da wani sammako. Abin da aka gaya mata take bi.

Yaya ta daɗe tana kallon layukan nan biyu. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko ke nan ita ce ta rufe wa biyun farko ƙofa.

Likita ta ce babu mai iya rantsewa a kan haka. Ko an yi komai daidai, da yawa ba sa kamawa, kuma ba a sanin dalili. Amma ba ta ce mata a'a ba, Yaya kuma ba yarinya ba ce.

Zaɓi biyu ta ba ta. Ko a ci gaba a wannan watan a bi lissafin kowa da kowa, tunda Allah ya sa ba ta fara ba, ko kuma a dakata a sake watan gwaji daga tushe, a ga gaskiyar mahaifar, wanda zai ƙara musu watanni. Na riga na san abin da Yaya za ta zaɓa, ko kuwa na zaci na sani. Matar da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa.

“A sake gwajin,” in ji ta. “Zan jira.”

Ta turo mini kwalin ta kan tebur ba tare da ta dube ni ba, ta ce in tafi da shi gidana, kada in ba ta sai ranar da aka faɗa, ko da ta zo tana kuka.

Haka aka wayi gari ni, da masu kawo ɗinki ke zagi a bayan ido, na zama mai riƙon lokaci. Ana gobe za ta fara, sai ga Yaya a shagona da azahar. Ba ta ambaci magani ba. Ta zauna a kan benci a cikin ƙyallaye, ta ɗauki reza ta yi ta farke mini ɗinkin da ya karkace har la'asar. Ni ma ban ambata ba, ko da yake kwalin na cikin durowar keken, gwiwarta na taɓa shi. Washegari na kai mata a daidai sa'ar da likita ta ce, ban riga ba, ban makara ba. Sai da na kwana da takalmi a bakin gado kafin hakan ta yiwu.

Sakamako na biyu ya ce ƙofa a buɗe take, daidai lokacin da ta mafi yawan mata ke buɗewa. Mijin Yaya ya yi ta godiya, ya ce ashe lafiyarta ƙalau tun farko. Bai lura da abin da ya faɗa ba. Yaya ta ce bari ta shiga banɗaki, ta kuwa daɗe a ciki. Ban taɓa ganin labari mai daɗi ya yi wa mutum nauyi haka ba.

Ranar dashe mijinta aka bari ya shiga, ni na zauna a waje ina damun nas da tambayar yadda ake narkar da ɗan mutum daga ƙanƙara bai mutu ba. Da suka fito ya ce an nuna musu shi a allo kafin a saka, ɗan ɗigo ne mai haske, ya ce wai ya ga kamar hancinsa. Aka ba su ranar gwajin jini. A da, tun ba a je ko'ina ba Yaya za ta cika kwandon shara da tsinken gwajin ciki. Wannan karon ni ce na sayo na kai mata, ta ce in mayar.

Ya kama.

Bayan 'yan makonni aka kira mu hoton ciki, likita ta ce 'yar jarida ma ta shigo. Ɗakin duhu-duhu, allon cike da toka-toka kamar talabijin da ya rasa tasha. Likita ta nuna wani ɗan wuri da yatsa, sai ga wani abu yana ƙyaftawa da sauri-sauri. Ta buɗe sauti. Ina da tambayoyi sun fi a ƙirga, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Mijin Yaya ya rufe fuska da hularsa.

Da muka fito, shi ya tsaya karɓar magani, mu muka taka a hankali ta dogon barandan asibitin. Yaya na riƙe da ɗan hoton da aka ba ta da hannu biyu. Na ce mata yau kam ta yi dariya mana, abin da ake nema ya samu. Ta ce tana murna, Allah ya sani tana murna. Sai ta tsaya cak, ta sa babban yatsa ta shafi farin ɗigon da ke jikin hoton.

“Da na iya haƙuri,” in ji ta, “da wannan shi ne auta.”

Na buɗe baki in maimaita mata abin da likita ta ce, cewa babu mai iya rantsewa. Ta girgiza kai tun ban fara ba, ta ce ta ji, ta kuma gode. Ta zauna a kan bencin da ke jikin bango, ta kife hoton a cinyarta ta yi kukan da ba ta yi wa biyun ba a lokacinsu. Na zauna kusa da ita na riƙe mata jaka har mijinta ya iso.